Ranar Da Baba Ya Ce A Kai Kawu Kotu

Ƙamshin tumu ne ya cika gidanmu a ranar. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, maƙwabciyarmu ta aiko mana da 'yan zangarnu na sabon gero. Na tsuguna a bakin murhu ina juya su a kan garwashi, ina murzawa a tafin hannu, ina hure ƙaiƙayi. Na cika 'yar tasa zan kai wa Baba, domin ko a cikin ciwonsa bai taɓa mayar da tumu ba, sai na ji salatin Inna daga ɗaki. Ban saki tasar ba. Ina nan tsaye riƙe da ita a tsakar gida har mata suka fara shigowa, wata ta ɓamɓare yatsuna ta karɓa. Yau shekara bakwai ke nan.

Mahaifina, Malam Haliru, malamin firamare ne a Tambuwal har ya yi ritaya. Bayan La'asar kuma yana da zaure, inda manya ke zuwa ɗaukar karatun fiƙihu. Ba mai kuɗi ba ne, ba mai sarauta ba, bai taɓa shiga jam'iyya ba. An saba idan za a tuna mamaci a jarida a jero kyawawan halayensa da kowa ya yarda da su. Ni abin da nake son in tuna shi da shi yau shi ne abin da aka zarge shi a kai, abin da ya sa ya bar duniya surukarsa ba ta amsa gaisuwarsa.

A cikin littattafan Baba akwai wani da bai yi kama da sauran ba. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya ne, na Turanci, wanda ya sayo a Sakkwato tun ina ƙarama. Yawancin shafukansa farare ne tas kamar ba a taɓa buɗe su ba, amma Babi na Huɗu, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya yi baƙi da yatsa. A gefen kowane sashe ya rubuta ma'anarsa da ajami, da ƙananan baƙaƙe, kamar yadda ake yi wa littafin karatu. Wani lokaci idan an tashi daga karatu yakan ɗauko shi ya karanta wa waɗanda suka rage. Wasu su saurara, wasu su tuna suna da uzuri.

Yakan ce hukuma kamar garken shanu take. Ba a zama lafiya ba tare da ita ba, ita ke ba da nono, ita ke ba da taki. Amma garke sai da burtali. Babi na Huɗu, in ji shi, shi ne shingen da ke gefe da gefen burtalin, wanda ke hana garke faɗawa gonar talaka. Ina ƙarama wannan misalin ya zauna mini a rai, har nakan rufe ido in ga shanun suna tafe cikin natsuwa da yamma, gero na kaɗawa dama da hagu, ba wanda ya taɓa wani. Ban san wata rana garken zai karyo shingen gidanmu ba.

Ƙanin Inna, Kawu Sahabi, bakaniken babur ne a Kebbe. Mutum ne mai barkwanci, wanda bai gama firamare ba amma yana gane ciwon inji daga jin ƙararsa. Wata rana, wata goma sha ɗaya kafin rasuwar Baba, wani baƙo ya kawo masa babur gyara, ya ce zai je kasuwa ya dawo. Bai dawo ba. Kwana biyu bayan haka mai babur ɗin na gaskiya ya gane kayansa a rumfar Kawu, ashe na sata ne. Aka zo aka tafi da Kawu, tare da wani mutumin Fakku da ke sayar da kayan gyara a rumfar kusa. Ba zan ambaci ofishin da aka kai su ba, domin ba shi kaɗai ke yin haka ba, kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Mai karatun da ba ɗan yankinmu ba ne zai yi zaton abu na farko da dangi za su nema shi ne a kai maganar gaban alƙali. A wurinmu akasin haka ne. Idan aka kama ɗan gida, roƙon da ake yi guda ɗaya ne: don Allah kada a kai shi kotu. A bayan kanta, wato ɗakin tsarewa na ofishin da aka kai shi, ko wata nawa mutum ya yi, ana cewa an riƙe shi ne, magana ba ta fita ba. Amma ranar da aka kira sunansa da na ubansa a gaban jama'a a kotu, an gama da gidan. Don haka sai a bazama kamun ƙafa, daga mai unguwa zuwa wani attajiri, daga attajiri zuwa wani da ya san wani. Ana cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ba wanda ke tsayawa ya tambaya, shi wanda ke cikin ɗakin fa, kwana nawa zai iya?

Haka aka yi kwana huɗu. Mun tattara mun koma Kebbe, gidan kakata Hajiya Kulu, mahaifiyar Inna da Kawu. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Kullum da safe maza su fita roƙo, da yamma su dawo da "an ce a dawo gobe". Ba a bar kowa ya ga Kawu ba. Abincin da ake kaiwa, a bakin ƙofa ake karɓa. Baba yana zaune a zaure duk kwanakin nan, bai bi masu roƙo ba, bai kuma hana su ba.

A rana ta biyar ya sa farar rigarsa, ya ɗauki kundin nan a cikin jakar fata, ya tafi shi kaɗai. Abin da ya dogara da shi yana cikin sashe na talatin da biyar. A taƙaice, wanda aka kama yana da damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya, ko da wani mutum da shi ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin kwana ɗaya ya cika. Dole kuma a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan da nisa, sai fa manyan laifuffukan da hukuncinsu kisa ne, waɗanda ke da nasu tsarin. Lauya kam ba mu da shi. Amma Baba ya tsaya a gaban kanta ya ce a tambayi wanda ake tsare da shi ko akwai wanda ya zaɓa. Aka yi masa dariya, aka ce ya jira. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin dalbejiyar da ke fuskantar ofishin, ya yi Azahar a nan, ya yi La'asar a nan. Daga baya wani babba a cikinsu ya fito, ya dubi shafin da Baba ya buɗe masa, ya ce a ba shi minti goma.

Da ya fito daga ganin Kawu, sai ya nemi takarda ya rubuta buƙata guda: ko a saki Sahabi, ko a kai shi kotu gobe. Ya sa hannu da sunansa.

Labari ya riga shi isa gida. Tsakanin suruki da suruka a wurinmu akwai kunya mai kauri. Shekara ashirin da wani abu Baba bai taɓa haɗa ido da Hajiya ba, bai taɓa cin abinci inda za ta gan shi ba. A ranar ma ba ta karya wannan ba. Tana cikin ɗakinta bayan labule, shi yana durƙushe a tsakar gida, ni aka sa a bakin ƙofa ina kai magana ina kawowa, alhali kowannensu yana jin ɗan'uwansa sarai.

"Luba, ki tambayi ubanki," in ji ta, "mi munka yi mai? Gidanga tun da anka gina shi ba a taɓa kiran sunan kowa gaban alƙali ba. Shi da munka ba ɗiya, shi za ya kai mu?"

Na juya na maimaita.

Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ki ce ma Hajiya ban ƙi ta tata ba. Amma ɗakin can bai da rana. Kotu ko ta daɗe, tana da ranar dawowa."

"Ki ce mai ya riƙe karatun Nasara nai. Ɗana ni ka so, ba rana ba."

Daga wannan ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake yi masa magana ba, ko ta bakina.

Washegari aka kai Kawu kotu. Ina so in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi wa hujjata daɗi ba: abin da Hajiya ke tsoro ya faru. An kira sunansa da na ubansa. An tura shi gidan yari, ya yi kwana goma sha tara kafin beli ya samu, Baba ne ya tsaya masa. Ya fito ya tarar rabin masu kawo masa gyara sun koma wani wuri. Shari'ar ta yi ta tafiyar hawainiya, yau mai ƙara bai zo ba, gobe alƙali ya yi tafiya. Kowane zama Baba sai ya hau bayan babur ya bi hanyar nan mai ramuka, tun yana iyawa har ciwon ƙirji ya fara kwantar da shi. A gida kuwa Inna ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba halinta ba ne. Sai dai ta ajiye masa tuwo ta juya. Hirar da suke yi bayan Isha'i, wadda nake jin dariyarta daga ɗakina tun ina yarinya, ta ɗauke kamar ruwan sama. Ni ma, Allah Ya yafe mini, akwai ranar da na ce masa, "Baba, da ka bari an yi roƙon." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in kawo masa buta.

Wata biyu bayan mun binne shi, alƙali ya sallami Kawu, ya ce babu hujjar da ta nuna ya san babur ɗin na sata ne. Aka ba shi takarda mai hatimi. Shi kuwa mutumin Fakku, danginsa sun yi nasara a roƙonsu, ba a kai shi kotu ba. Ya haura wata biyu a bayan kanta, ya fito da tari da kumburin ƙafa, ba takarda, ba hukunci, ba wanda ya ce ya yi, ba wanda ya ce bai yi ba. Har yau idan ya ba da baya akwai masu nuna shi da baki. Kawu kuma ya sa takardarsa a leda ya rataye a rumfa, kusa da inda yake rataye sifana da sauran kayan gyara. Duk wanda ya kawo zancen, sai ya ce masa, "Ka iya karatu? To, ga ta can."

Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne. Nakan zauna in yi tunanin abin da Baba zai ce da zai leƙo ya ga yankinmu yau. A lokacinsa satar babur ce babban labari. Yanzu akwai gonakin da ba a nomawa don tsoro, akwai ƙauyukan da suka kwashe suka dawo gari, akwai hanyoyin da ba a bi idan rana ta karkata. A makarantar da nake koyarwa a Tambuwal ina da ɗalibai mata da suka rasa iyaye a hannun 'yan bindiga, ina kuma da waɗanda iyayensu ke sanye da kaki suna kwana a daji dominmu. Ba na raina tsoron kowa, ni ma da shi nake kwana. Amma tsoron ya koya mana wata magana da ban san mu da ita ba: "Wanda anka kama, shi ya san abin da ya yi." Yanzu ya isa wani ya nuna ka da yatsa, ya ce an ga kana sayar da burodi ko mai ga wanda ba a sani ba. Idan ka ce a bi doka, sai a ce kai ma a duba ka.

Na san Baba ba zai ce a bar mai laifi ba. Mutum ne da ya karantar da hukuncin sata da na fashi shekara da shekaru, bai taɓa sassauta harshe a kansu ba. Abin da zai tambaya shi ne, wa ya tabbatar? A karatun zaure ma, wanda ya kawo ƙara shi ke kawo hujja, ba a ce wa wanda ake tuhuma ya wanke kansa tun ba a nuna dattin ba. Zai ce shinge ba don lokacin rani aka yi shi ba, lokacin da gona ba komai. Don damina aka yi shi, lokacin da garke ke jin yunwa kuma amfani ya fito. Haƙƙin da ba ya aiki sai ranar zaman lafiya, ado ne kawai. Zai kuma ce wannan shingen yana kare mai kaki shi ma, domin watarana zai tuɓe kakin ya koma gida, ɗansa kuma zai bi hanya kamar ɗan kowa.

Ni ba lauya ba ce. Adabi na karanta, kuma waɗanda suka san ni sun san ko a ɗakin malamai ba a cika jin muryata ba. Na fi son in zauna bakin taga in kalli yadda hadari ke haɗuwa ta gabas. Amma kundin Baba ni ya faɗo wa a rabon littattafai, domin ba wanda ya miƙa hannu gare shi. Na kwafe fassararsa daga ajami zuwa boko, nakan karanta wa ɗalibaina a ƙarshen darasi idan lokaci ya ragu. Na ɗauka iyakar abin da zan iya ke nan.

A daminar da ta wuce wata mata daga Sanyinna, mahaifiyar wata ɗalibata, ta zo har gida. Mijinta ya kwana tara a tsare, an ce an ga lambarsa a wayar wani da ake nema. Ta sayar da akuyarta ta yi ta hawa mota tana bin manya. Abin da ta zo roƙona shi ne, tun da na yi boko, in rubuta mata takarda mai daɗin baki a taimaka kada a kai shi kotu. Na dube ta, na ji kamar ina bakin ƙofar Hajiya, labule na motsi a bayana. Na ce mata zan rubuta takarda, amma ba wannan ba. Na karanta mata sashen da Hausa, sau biyu. Na gaya mata labarin Kawu da na mutumin Fakku, ban ɓoye mata kwana goma sha taran gidan yari ba. Da na gama sai ta ce, "Malama, tsoro na daji, kunya na gida. Ni yanzu duka biyun sun ishe ni. Mu tafi."

Ban taɓa taka irin wannan wuri ba, don haka na kira Kawu Sahabi ya raka mu. Ya rufe rumfarsa ya zo. Na tsaya a gaban kanta, na faɗi abin da Baba ya faɗa: a tambayi wanda ake tsare da shi ko akwai wanda ya zaɓa. Aka ce mu jira. Mun jira tun hantsi har bayan La'asar. Daga ƙarshe aka bar matar ta shiga, kwana biyu bayan haka aka kai mijin gaban alƙali. Shari'arsa tana nan ana yi, ban san yadda za ta ƙare ba, ban ma san ko yana da laifi ko ba shi da shi ba. Wannan ba aikina ba ne. Abin da na sani, yanzu an rubuta sunansa a wani wuri, matarsa ta san inda yake, ta san ranar da za a sake zama. Kuma na ƙudura a raina, duk wadda ta sake ƙwanƙwasa mini ƙofa da irin wannan, zan sa hijabina in bi ta.

Me ya rage na Malam Haliru? Bai bar gida mai bene ba, zaurensa ma yanzu ɗinki ake yi a ciki. Hajiya Kulu ta rasu shekara uku bayansa. A cikin jinyarta an ji tana sa shi a addu'a, amma ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Inna takan ce, "Ubanki mutum ne mai taurin kai a kan gaskiya," ta faɗe shi rabi yabo, rabi ƙorafi. Ni ma haka na ɗauke shi shekara shida: mutumin da ya fifita abin da ya karanta a kan hawayen surukarsa, kuma lokaci ya gaskata shi. Ina alfahari da wannan hoton. Ashe ban san shi ba.

A ranar da muka raka matar Sanyinna, muna zaune a kan benci ni da Kawu bayan ta shiga, sai na ga yana share ido da hannun riga. Na ɗauka tuna baya ne ya taso masa. Ya ce, "Luba, akwai abin da ban taɓa gaya ma kowa ba. Kotun nan ba Malam ya ce a kai ni ba. Ni na ce."

Ya ce a cikin kwana huɗun nan an kawo masa takarda har sau uku a ce ya dangwala yatsa, bai san abin da ke cikinta ba. A ɗakin ya tarar da mutanen da suka daina ƙirga kwana. Abin da ya riƙe shi kawai wata magana ce da ya taɓa ji a zauren Baba, ranar da ya zo gyara masa babur ya tsaya jiran a tashi: kana iya yin shiru har ka ga wanda ka zaɓa. Da Baba ya shigo, shi Baban ne ma ya ce ko a ƙara wa masu roƙo kwana biyu, domin ya san abin da kotu za ta jawo a gida. Kawu ya ce a'a, mai ɗaki shi ya san inda ke mai yoyo, a kai shi gaban alƙali ko da gidan yari ne. Sai dai ya roƙi abu guda, kada mahaifiyarsa ta san daga bakinsa ya fito, domin yana tsoron bakin uwa fiye da ɗaurin.

Sau uku Baba ya tambaye shi ko ya tabbata. A na ukun Baba ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce, "To, shi ke nan. Haƙƙin naka na, ba na Hajiya ba, ba nawa ba. Ka zaɓe ni, ni ka ɗauka."

Ya fita ya sa hannu da sunansa shi kaɗai. Ko Inna bai gaya wa ba.